Yadda Ake Buɗe Wa Zuri'a Shafin Intanet Daga Tushe

Da wuya ka sami babban gida a Zariya, daga Kwarbai har Tudun Wada, da ba shi da guruf ɗin WhatsApp na 'yan uwa. Yana da ranarsa wajen sanarwar rasuwa da ɗaurin aure, amma ba ya riƙe abu. Hoton kaka da wani ya turo ranar Talata, kafin Asabar ya nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da wa'azozi da tallar atamfa. Idan kuma waya ta faɗa ruwa ko aka zare ta a kasuwa, shi ke nan. Shafin intanet na zuri'a wuri ne guda mai adireshi tsayayye, inda za a ajiye tarihin gida da sunayen kakanni da tsofaffin hotuna, yadda jikan da ke Legas ko Jidda zai buɗe ya gani ko bayan shekara goma. Ana iya gina shi kyauta, kuma duk wanda ya iya buɗe imel da tura hoto zai iya. Aikin kwamfutar ma shi ne ƙarami a ciki. Inda ake shan wuya shi ne samun yardar manya, da tattara bayanai, da tsayar da wanda zai riƙe makulli. Saboda haka daga can za mu fara.

Mataki na farko: je ka gaida manya

Kafin ka taɓa kwamfuta, sami babban gidan, ka zauna ƙasa ka yi masa bayani da harshen da zai karɓa. Kada ka shiga da zancen fasaha. Ce masa, "Baba, so muke mu rubuta sunayen kakanninmu da tarihin gidan nan a wuri guda, don yara masu tasowa su san junansu." In ya sa albarka, ka shiga cikin gida wajen iyaye mata, musamman gwaggo mafi shekaru. Yawanci ita ce ta san wa ya haifi wa, wa ya sha nonon wa, wace ce ta fita ta yi wani aure a Giwa ko Soba. Wanda ya tsallake ta ya fara aiki, daga baya zai dawo ya goge rabin abin da ya rubuta.

A wannan zama a yanke abu mafi muhimmanci: wa zai ga shafin? Ka ɗauke shi kamar gidan Bahaushe. Akwai zaure, inda kowane baƙo zai iya tsayawa ya yi sallama, akwai kuma cikin gida, inda sai muharrami. Tarihin kakan da ya kafa gidan, sana'arsa, almajiran da ya yaye, hoton tsohon soro, duk waɗannan na zaure ne. Hotunan mata da yara, lambobin waya, jerin wanda ya auri wa, na cikin gida ne. Shawarata ga mai farawa ita ce ya gina na cikin gida tukuna, a rufe, sai wanda aka ba izini. In daga baya aka ga ana son na zaure, a buɗe wani daban.

Mataki na biyu: imel na gida, ba naka ba

Buɗe sabon adireshin Gmail da sunan zuri'a, misali zuriyarmalamwane. Kada ka yi amfani da naka na kanka, domin ranar da ka yi tafiya, ko saɓani ya shiga, ko Allah ya yi nasa iko, shafin ya tafi da kai. Kalmar sirri ta kasance doguwa, kada a sa shekarar haihuwa ko sunan unguwa, a rubuta ta a takarda a ba mutum biyu amintattu, zai fi kyau su fito daga ɗaki daban-daban don kada a ce 'yan ɗaki ɗaya sun mallake. A sa lambar wayar da aka tabbatar ba za a yar da layinta ba, a kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda ke neman shaida ta waya bayan an sa kalmar sirri.

Wannan asusun yana zuwa da gigabait 15 na ajiya kyauta, waɗanda Gmail da Google Drive (ma'ajiyar fayiloli ta intanet) da Google Photos (ma'ajiyar hotuna) suke rabawa. Ga hotuna da rubutu ya isa gida guda na dogon lokaci. Bidiyo ne ke cinye shi, za mu zo kansa.

Mataki na uku: tattara kaya

A nan mafi yawan lokacinka zai tafi, kuma a nan daɗin aikin yake.

Fara da sunaye. Ɗauki littafi na takarda, ka rubuta kakan da aka tsaya a kansa, sai matansa ɗaya bayan ɗaya, sai 'ya'yan kowane ɗaki. Bin ɗaki-ɗaki ya fi bin shekaru sauƙi, domin haka mutanen gida suke riƙe da lissafin a kansu. Kowane suna ka haɗa shi da laƙabinsa. Gidan da ke da Muhammadu bakwai da A'isha biyar, in ba ka rubuta wannan shi ne Baba Ƙarami, waccan ita ce Iya Uwani ba, babu wanda zai gane kowa. Akwai kuma alkunya: dattijuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko ɗan farinta ba, kada ka matsa mata, tambayi wani.

Sai maganar shekaru. Tsofaffi da yawa ba za su ce maka an haife su a 1958 ba, amma za su ce "zamanin Sarki Ja'afaru" ko "ina goyon wane aka canza kuɗi". Riƙe waɗannan a hannu, za su taimaka maka wajen kintace: Sarki Ja'afaru ya yi sarautar Zazzau daga 1937 zuwa 1959, Sarki Muhammadu Aminu daga 1959 zuwa 1975, Sarki Shehu Idris daga 1975 zuwa 2020. An sami 'yancin kai a 1960, an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, an koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam da sule a 1973. In ka kintata, rubuta "wajen 1960", kada ka ƙirƙiri rana da wata. Jikoki za su ɗauki abin da suka gani a shafin tamkar yankan wuƙa, don haka abin da ba a tabbatar ba a nuna ba a tabbatar ba. Haka nan idan ruwaya ta rabu biyu, wasu na cewa kaka daga Borno ya zo wasu na cewa daga Katsina, rubuta duka biyun tare da wanda ya faɗa. Ba aikinka ba ne ka yanke hukunci tsakanin baffanninka.

Tsofaffin hotuna kuwa suna cikin akwatunan ƙarfe da bayan firam da tsakiyar littattafai, kuma masu su ba sa son rabuwa da su. Kada ka nemi aro. Je da wayarka ka ɗauka a gabansu. Shimfiɗa hoton a kan farar takarda, a inuwa mai haske, da hantsi ko bayan la'asar, ka kashe fitilar kyamara don kada ta yi ƙyalli. Akwai manhajar PhotoScan ta Google da ke ɗaukar hoto ta kusurwa huɗu ta haɗe su ta cire ƙyallin, tana da amfani ga hoton da ke cikin gilashi. Juya bayan hoton ma ka ɗauka, sau da yawa akwai tambarin mai hoto ko kwanan wata da biro. Kuma nan take, kafin ka tashi, tambayi sunan kowa da ke ciki, daga dama zuwa hagu, ka rubuta. Hoton da ba a san waɗanda ke cikinsa ba, bayan mutuwar tsohuwa guda ya zama hoton baƙi.

Idan 'yan uwa na nesa za su turo nasu ta WhatsApp, ce musu su turo a matsayin takarda, wato ta wajen Document, domin turawa ta hanyar da aka saba tana rage ingancin hoto.

In gidan malamai ne, akwai rubuce-rubucen ajami da wasiƙu da littattafan da kaka ya kwafa da hannunsa. Ɗauki hotonsu shafi-shafi, ka sami wanda ya iya karantawa ya juya maka su zuwa boko. Sannan ka naɗi muryar tsofaffi. Minti ashirin na gwaggo tana ba da labarin yadda aka kawo ta amarya ta Ƙofar Doka ya fi duk abin da za ka iya rubutawa. Nemi izininta, ajiye wayar kusa da ita, a kashe fanka da rediyo.

Duk abin da ka tara, zuba shi a Google Drive na asusun gida, cikin jakunkuna masu suna: Hotuna, Muryoyi, Takardu. Sa wa kowane hoto suna mai ma'ana, kamar "Malam-Wane-da-almajirai-wajen-1965", maimakon lambobin da waya ke ba shi.

Mataki na huɗu: gina shafin

Hanyoyi suna da yawa. WordPress ya fi ƙarfi da yawan kayan aiki, amma yana son koyo, kuma na kyautarsa yana sa talla a shafinka. Ga mai farawa Google Sites, wato kayan gina shafi na Google, na fi so: kyauta ne, babu talla, ba a biyan kuɗin ajiye shafin a intanet, kuma yana da ƙofar da ake rufewa.

Ginin yana son kwamfuta, ko da daga baya kowa a waya zai riƙa kallo. In ba ka da ita, ari ta ɗalibin gida, ko ka je shagon kwamfuta a Samaru, Kongo ko PZ. In a shago ne, kada ka yarda burauza ta adana kalmar sirri, kuma ka tabbatar ka fita daga asusun kafin ka miƙe.

Shiga sites.google.com da imel ɗin gida. Danna alamar tarawa don fara sabon shafi fari fat. A can sama ta hagu rubuta sunan shafin, a tsakiyar babban allon kuma rubuta take, misali "Zuri'ar Malam Wane, Zariya". A hannun dama za ka ga kalmomi uku, kuma kusan duk aikin a cikinsu yake: Insert don saka abu, Pages don ƙara sashe, Themes don zaɓen launi da salon rubutu. Zaɓi salo guda mai sauƙi ka wuce, kada ka ɓata yini kan launi.

Shiga Pages, danna alamar tarawa da ke ƙasa, ka ƙirƙiri sassa. Huɗu sun isa farawa: Tarihi, Zuri'a, Hotuna, Sanarwa. A ƙarƙashin Zuri'a kana iya yi wa kowane ɗaki ƙaramin sashe nasa, ta hanyar danna ɗigo ukun da ke gefen sunan. Don yin rubutu, koma Insert ka danna Text box. Don hoto, danna Images ka ɗauko daga kwamfuta ko daga Drive. Kowane abu ana iya jan sa da linzami a matsar da shi sama ko ƙasa. Ba sai ka nemi wajen adanawa ba, yana adana kansa muddin akwai intanet, saboda haka ɗauke wuta ba zai cinye maka aiki ba.

Rage nauyin hotuna kafin ka ɗora. Hoton wayar zamani yakan kai megabait uku zuwa biyar, ashirin irinsa a sashe guda za su cinye datar mai kallo, kuma a wurin da sabis ba ƙarfi ba za su buɗe ba sam. Mai faɗin fiksel 1600 ya wadatar. Na asalin ya zauna a Drive, ragaggen ya hau shafi. A ƙarƙashin kowane hoto sa sunaye da shekara.

Murya kuwa daga Drive ake ɗauko ta: Insert, sai Drive, sai ka zaɓi fayil ɗin. Bidiyon biki ko na hawan Sallah kada ka tara shi a Drive. Ɗora shi a YouTube da asusun gida, ka zaɓi Unlisted don kada ya fito ga masu bincike, sannan ka saka shi a shafin. Sai dai ka sani duk wanda ya sami adireshin bidiyon zai iya kallo, ya kuma tura wa wani, don haka bidiyon kamu da na cikin ɗakin amarya a bar su a wayoyin masu su.

Ga mai son zanen bishiyar zuri'a, akwai dabara a Google Sheets, manhajar Google ta jera bayanai a tebur. A layin farko na tsaye rubuta sunan mutum, a na biyu sunan mahaifinsa, sai ka saka zane ka zaɓi nau'in Organizational chart. Zai jera kowa ƙarƙashin ubansa. Sharaɗin shi ne kada suna ya maimaitu, wanda nan ma laƙabi zai cece ka. Yi wa kowane reshe nasa zanen daban, domin zuri'a mai mutum ɗari biyu a zane guda ba za ta karantu a waya ba.

Wata 'yar magana kan rubutu: yi amfani da haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Madannin Gboard na waya yana da Hausa a jerin harsunansa, kana iya rubutawa a waya cikin Google Docs ka kwafo a kwamfuta. Amma a adireshin shafi da na imel, haruffa marasa lanƙwasa kawai za ka sa.

Mataki na biyar: rufe ƙofa, sannan ka wallafa

Kafin komai danna alamar gwaji da ke sama, ka zaɓi siffar waya, ka ga yadda zai fito a hannun mutane. Rubutun da ya yi kyau a faffaɗan allo wani lokaci yakan cakuɗe a ƙarami.

Sai ka danna alamar mutum mai tarawa a gefensa. A nan ake ba da izini. Wajen Published site, zaɓi Restricted, ma'ana sai wanda aka sa imel ɗinsa. Sannan ka shigar da adireshin 'yan uwa ɗaya-ɗaya. Yawancinsu matsayin mai kallo za ka ba su, mutum biyu ko uku kacal za su zama masu gyara. Za ka tarar manya da yawa ba su san suna da imel ba, domin yaron da ya saita musu waya a kasuwa ne ya buɗe. Karɓi wayar, buɗe Play Store, taɓa da'irar da ke sama ta dama, adireshin zai bayyana.

Abu biyu ke rikita masu farawa a nan. Na ɗaya, kullen na ɗaukacin shafin ne. Ɓoye sashe daga jerin da ke sama bai hana mai adireshinsa shiga ba, shi ya sa na ce na jama'a da na 'yan gida a raba su tun farko. Na biyu, abin da ka ɗauko daga Drive yana da nasa izinin daban. In ba ka ba mutane damar jakar ba, za su shiga shafin su tarar da murya ko takarda ta ƙi buɗewa. Je Drive ka raba jakar ga waɗannan adireshin dai.

Yanzu danna Publish. Zai nemi ka zaɓi ƙarshen adireshi, ka rubuta misali zuriyar-malam-wane, cikakkensa ya zama sites.google.com/view/zuriyar-malam-wane. Kwafe shi ka gwada a wayar wani da ka ba izini, da ta wani da ba ka ba ba. Na farko ya shiga, na biyu a hana shi. In haka ta faru, tura adireshin guruf ɗin gida, a kuma maƙala shi a bayanin guruf don kada ya nutse. Duk lokacin da ka yi gyara, sai ka sake danna Publish kafin mutane su gani.

Abin da ba ya hawa, ko da shafin a rufe yake

Wanda aka ba izini yana iya ɗaukar hoton allo ya tura waje, don haka akwai abubuwan da ba a sawa sam. Lambar NIN da BVN da hoton fasfo. Takardun gida da na gona da lissafin rabon gado. Sunan makarantar da yara ke zuwa, da kwatancen gida dalla-dalla, da ranar da Alhaji zai kama hanyar Kaduna ko Abuja. Halin tsaron da ake ciki ya isa dalili. Hoton mace sai da yardarta, na yaro sai da yardar iyayensa, wanda ya ce a cire nasa a cire ba gardama. Labarin saki da rigingimun da suka wuce ma ba na shafi ba ne. Rubuta "ta haifi wane da wance" ya wadatar, ba sai an faɗi yadda auren ya ƙare ba.

In ana son adireshi na kai

Wannan ba dole ba ne, kuma a shafin kansa shi kaɗai ne abin da ake biya wa kuɗi. Idan gida na son gajeren suna irin zuriyarwane.com.ng ko zuriyarwane.name.ng, ana saye ne daga kamfanonin da hukumar NiRA, mai kula da sunayen da ke ƙarewa da .ng, ta amince da su, da naira ake biya, shekara-shekara. A yi rajistar da imel ɗin gida. Bayan an saya, a shiga saitin Google Sites wajen Custom domains, a bi umarnin tabbatar da mallaka, sannan a shafin kamfanin da aka saya a ƙara bayanin CNAME, wato saitin da ke haɗa sunan da shafin, mai nuna www zuwa ghs.googlehosted.com. Yana iya ɗaukar har awa 48 kafin ya fara aiki. In wannan ya yi maka nauyi, ɗalibin kwamfuta zai yi shi cikin ɗan lokaci, amma kai za ka shigar da kalmar sirri da hannunka. A rubuta ranar sabuntawa, a cire kuɗin daga asusun zumunci, domin sunan da aka bari ya faɗi wani yana iya saye.

Kula da shi

Mafi yawan irin waɗannan shafuka a watan farko ake ɗokinsu, sai a watsar. Maganin shi ne a ɗaura aikin da lokacin da dama ake haɗuwa. Bayan ƙaramar Sallah da babba, ranar da 'yan uwa suka zo gida kallon Hawan Daushe ko taron zumunci, masu gyara su zauna awa guda su ƙara haihuwa da aure da rasuwar da aka samu. Don sauƙaƙa tattarawa, yi fom a Google Forms mai tambaya kaɗan: sunan jariri, sunan uba da uwa, ɗakin da suka fito, ranar haihuwa. Saka shi a sashen Sanarwa, in ka haɗa fom ɗin da Sheets, amsoshin za su riƙa taruwa da kansu a can.

Kamfanin Google yana da ƙa'idar cewa asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba ana iya goge shi da duk abin da ke ciki, don haka a riƙa leƙawa. Sau ɗaya a shekara a sauke kwafin hotuna da muryoyi da rubutun gaba ɗaya a filashi biyu, a ajiye su a gidaje biyu. Tarihin da bishiyar zuri'ar kuma a buga su a takarda, a yi musu bango, a kai wa Baba da Gwaggo nasu kwafin su sa a karanta musu. Za su sami kurakurai, sai ka koma da biro ka rubuta gyaran, ka shigar a shafin, ka danna Publish.